Zan mayar da shafina wani sabon kamfanin hostin, ta ina zan fara?

Sadiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ina da shafi da aka gina mini da WordPress, ina saka darussa da rubuce-rubuce da Hausa, akwai kuma ɓangaren da mutane ke sayen littattafan saukewa ta WooCommerce. Kamfanin hostin da nake kai, wato wanda ke ajiye mini shafin a sabarsa, ya gajiyar da ni. Shafin ya yi nauyi, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya, in na rubuta musu sai a kwana ban ji amsa ba. Kuɗin da na biya zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, ba ni da niyyar sabuntawa, kuma na riga na ga wani kamfanin da hankalina ya kwanta da shi. Tsorona kada rubutun shekaru ya salwanta a hanya, ko masu saye su zo su tarar da shafi a rufe. Ta ina ake farawa?

Abba

Wa'alaikumussalam Anti Sadiya. Kada ki tayar da hankalinki, aikin ba shi da wuya. Ki saka fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, irin Duplicator ko All-in-One WP Migration, zai tattara miki komai cikin fayil guda. Ki ɗora shi a sabon wurin, ki canza nemsaba, wato sabobin da ake tambaya inda shafin yake, zuwa na sabon kamfani, shi ke nan. Kafin ki ankara an gama.

Injiniya Bashir

Abba, abin da ka faɗa kwashe fayiloli ne, kuma shi ne ɓangare mafi sauƙi. Malama Sadiya, kafin ki taɓa komai ki amsa mini tambayoyi biyu. Na farko, sunan shafin, wato domen, a hannun wa yake? Ke ce kike shiga asusun da aka yi masa rajista da imel ɗinki da kalmar sirrinki, ko wanda ya gina miki shafin? Na biyu, kina da adireshin imel mai ɗauke da sunan shafin, kuma a wannan kamfanin yake zaune?

Ina tambaya ne domin abubuwa uku ne mutane ke ɗauka abu guda: rajistar domen, da DNS da ke nuna wa duniya inda shafin yake, da sabar da fayilolin ke kai. Kamfani ɗaya na iya riƙe duka ukun, shi ya sa ba a lura. Ranar tashi ake gane bambancinsu.

Sadiya

Na gode Injiniya. Imel kam akwai, guda biyu, kuma ta nan masu saye ke tuntuɓa ta. Ta cPanel, shafin sarrafa asusun hostin, nake buɗe su. Domen kuma wanda ya gina shafin ne ya yi rajistarsa, duk shekara ina tura masa kuɗin sabuntawa. Muna mutunci da shi sosai, ba na jin zai ba ni matsala.

Injiniya Bashir

To daga nan za ki fara, ba daga fulogin ba. Ba zargin bawan Allah nake yi ba. Mutumin kirki ma yana rashin lafiya, yana tafiya, yana rasa lambar wayarsa, yana rasuwa. Muddin domen yana asusunsa, duk abin da kika gina a kan sunan nan yana rataye da samunsa a waya. Ki buɗe naki asusun a kamfanin da aka yi rajistar, ki roƙe shi ya tura domen ɗin cikinsa. Yawancin kamfanonin rajista suna da wannan hanya ta turawa daga asusu zuwa asusu a cikin gida, kuma ba ta taɓa shafin ko kaɗan. In kin samu wannan, ke ce mai iko da DNS, kuma sauran aikin duk a hannunki yake.

Zulai

Ni dai shawarata daban ce. Me zai sa ki wahalar da kanki? Kamfanoni da yawa suna kwaso wa sabon mai hulɗa shafinsa da kansu, musamman in tsohon wuri da sabon duk cPanel ne. Akwai cikakken kwafin ajiya da cPanel ke yi, mai ɗauke da fayiloli da rumbun bayanai da akwatunan imel har da ayyukan cron, wato ayyukan da saba ke yi da kanta a kan lokaci. Su za su iya mayar da shi gaba ɗaya ta ɓangarensu. Ki tambaye su kafin ki biya.

Malam Habu

Maganar Zulai gaskiya ce, kuma in suna yi, ita ce hanya mafi tsafta. Amma ko su za su yi aikin, Sadiya, ki sauke naki kwafin a kwamfutarki tukuna, ki kuma buɗe shi ki tabbata akwai abu a ciki. Ki ga foldar wp-content da hotunanki a cikin uploads, ki ga fayil mai ƙarewa da .sql, ki duba girmansa. Kwafin da ke zaune a kan sabar da shafin yake kai ba ajiya ba ce. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma akwai waɗanda shafinsu da kwafin ajiyarsu suka tafi tare domin duk a wuri ɗaya suke. Babban kamfani ne wannan, ba ƙarami ba.

Sannan ki lura da fayil ɗin .htaccess. Saboda sunansa ya fara da ɗigo, yana ɓoye, masu kwashewa da FTP sukan bar shi a baya in ba su kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ba. Alamar an bar shi ita ce shafin farko ya buɗe lafiya, duk wani rubutu da ka latsa ya ba ka 404, wato ba a sami shafin ba.

Abba

Malam Habu, ai shi ya sa na ce fulogin. Shi ba ya mantuwa.

Malam Habu

Ba ya mantawa da abin da ke cikin WordPress, Abba. Imel ɗinta fa? Fulogin bai san akwai su ba. Nan ne nake ganin mutane suna kuka. An kwashe shafi ya tashi garau, an canza nemsaba, sai bayan kwanaki a lura ba wani saƙo da ke shigowa, domin ba a buɗe akwatunan a sabon wuri ba, tsofaffin saƙonni kuma suna can sabar da aka bari. Mai saye ya rubuto yana neman littafinsa, saƙon ya koma masa, shi kuma ya ɗauka an cuce shi.

Sadiya, in ba cikakken kwafin cPanel za a mayar ba, ki buɗe adireshin nan biyu a sabon wuri da sunayensu daidai kafin a juya komai. Tsofaffin saƙonni kuma ana kwashe su ta IMAP. Akwai manhaja mai suna imapsync da aka yi don wannan aiki. In ba ki saba da ita ba, ki haɗa akwatin tsoho da na sabo a Thunderbird, ki ja foldojin daga wannan zuwa wancan. Yana ɗaukar lokaci amma yana yi.

Nura

Ni abin da na sani shi ne ko me aka yi sai shafi ya yi awa 24 zuwa 48 a rufe kafin ya bazu a duniya. Kowa haka yake faɗa. Gara ki sanar da mabiyanki kawai cewa za a rufe na kwana biyu.

Injiniya Bashir

Nura, ban yarda da wannan ba, kuma ina son in tsaya a kai domin wannan fahimta ce ke sa mutane su karɓi asarar da ba dole ba. Babu wani abu da ke bazuwa daga gari zuwa gari. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da wata sabar DNS ta tambayi adireshin shafinka, tana ajiye amsar na wani lokaci don kada ta riƙa maimaita tambaya. Wannan lokaci shi ne TTL, da daƙiƙa ake rubuta shi, kuma mai domen ne ke sa shi. In ka ga 14400, awa huɗu ke nan. In 86400 ne, yini guda cur. Sai wa'adin ya cika sabar za ta sake tambaya ta ji sabon adireshi.

Maganar awa 48 tana da tushe, amma a wajen canza nemsaba. Ga domen mai .com, bayanin nemsaba yana ɗauke da TTL na 172800, wato kwana biyu, kuma wannan ba ka da ikon rage shi. Shi ya sa nake cewa kada a canza nemsaba ranar tashi. A bar DNS inda yake, a canza layin A kaɗai, wanda ke nuna lambar IP ta saba. In akwai layin AAAA shi ma a canza shi, kada a manta, in ba haka ba masu shigowa ta IPv6 za su ci gaba da sauka a tsohon wuri. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan sai a rage TTL ɗin layin zuwa 300, minti biyar. Dole a rage shi da wuri, domin tsohon wa'adin sai ya ƙare kafin sabon ya fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ko a cikin wannan tazara shafi ba ya rufewa, muddin tsohuwar saba tana aiki. Wasu su sauka can, wasu su sauka nan, kowa ya ga shafi.

Zulai

Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka. Ka ce a bar DNS inda yake. In DNS ɗinta yana kan nemsabar kamfanin da za ta bari fa? Ranar da kuɗinta ya ƙare suka rufe asusun, layukan nan duk sun tafi. Ko ba jima ko ba daɗe sai ta canza nemsaba.

Injiniya Bashir

Haka ne Zulai, kin yi gaskiya. Abin da nake nufi shi ne kada a haɗa su rana ɗaya. In DNS yana wurin tsohon kamfani, ta fara fitar da shi tun yanzu, ko zuwa kamfanin rajistar domen ko zuwa Cloudflare, kamfanin da ke riƙe wa mutane DNS, da layukan nan yadda suke, suna nuna tsohuwar saba. Tunda amsar iri ɗaya ce a wuri biyun, kwana biyun nan za su wuce ba wanda ya ji komai. Bayan nan ne za a juya layin A. Ta kwafi kowane layi da idonta: A, AAAA, CNAME, MX, TXT. Cloudflare yana ƙoƙarin gano su da kansa amma ba koyaushe yake kama duka ba. In kuma an kunna DNSSEC, wato sa hannun tsaro a kan bayanan DNS, a domen ɗin, a kashe shi a wurin rajista kafin a taɓa nemsaba, a jira, in ba haka ba shafin zai ɓace wa mutane da yawa gaba ɗaya duk da komai yana nan.

Nura

To Google fa? Na ji an ce in ka canza hostin matsayinka a bincike yana faɗuwa.

Malam Habu

In sunan shafi da adireshin kowane rubutu ba su canza ba, Google ba ruwansa da wace saba ce ke ba shi shafin. Kayan aikin canjin adireshi da ke cikin Search Console ma na wanda ya canza domen ne, ba na Sadiya ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne abin da suka bari a kunne lokacin gwaji. A WordPress, cikin saitin karatu, akwai ɗan akwatin da ke roƙon injinan bincike kada su saka shafin a jerinsu. Wasu sukan latsa shi a sabon wuri lokacin gwaji, su manta. Sai a duba shi, a duba robots.txt, ranar da aka juya.

Sadiya

Na dawo da labari. Domen ya shigo asusuna, bai yi mini gardama ba ko kaɗan, Allah ya saka masa. DNS ashe a kamfanin rajista yake tun asali, don haka wannan ya sauƙaƙa. Sabon kamfani sun kwaso shafin, sun ba ni lambar IP. Amma ta yaya zan ga yadda yake a can alhali sunan har yanzu tsohon wuri yake nunawa? Sun ba ni wani adireshin wucin gadi, da na buɗe sai na ga babu hotuna, tsarin duk a wargaje.

Injiniya Bashir

Alhamdu lillahi. Ki bar adireshin wucin gadin nan. WordPress ya rubuta sunan shafinki a cikin rumbun bayanansa, don haka in kin buɗe shi da wani suna sai ya rikice. Kuma kada wani ya ce ki canza sunan a rumbun don gwaji ki mayar daga baya. Wasu saituna suna ajiye da adadin haruffansu, in an canza rubutun da hannu adadin ya saɓa, sai su lalace.

Akwai fayil a kwamfutarki mai suna hosts. A Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, a Mac da Linux kuma /etc/hosts. Ki buɗe shi da ikon mai gudanarwa, ki je ƙasa, ki rubuta lambar IP ɗin da suka ba ki, ki bar fili, ki rubuta sunan shafinki. A layi na biyu ki maimaita da www a gaba. Ki adana. Daga nan kwamfutarki ita kaɗai za ta riƙa zuwa sabuwar saba, sauran duniya suna tsohuwa. Ki zaga ko'ina: ki shiga ɓangaren gudanarwa, ki ɗora hoto, ki cika fom, ki gwada sayen littafi har ƙarshe. In kin gama ki goge layukan biyu.

Sadiya

Na yi, ya buɗe, hotuna duk suna nan, kuma saurinsa ya ba ni mamaki. Amma akwai babbar matsala. Duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ɓ ta koma É“. Kalmar ƙasa ta zama Æ™asa. A kowane rubutu haka, har da sunayen littattafai. Jikina ya yi sanyi. Sai na bi ɗaya bayan ɗaya na gyara?

Malam Habu

Kada ki gyara ko harafi ɗaya da hannu, kuma ki kwantar da hankali, rubutunki bai lalace ba. Wannan ciwo ne da masu rubutu da Hausa ke gamuwa da shi, masu shafin Turanci zalla kuma ba sa ma lura da shi. A tsarin UTF-8, harafin a ko b bait ɗaya yake ci, wato gurbi ɗaya na ajiyar kwamfuta, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu yake ci. In wani abu a hanya ya karanta su da tsohon tsarin latin1, sai ya ɗauki kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa. Shi ya sa kike ganin alamomi biyu a gurbin harafi ɗaya.

Ki buɗe wp-config.php na tsohon wuri da na sabo gefe da gefe, ki nemi layin DB_CHARSET, ki gaya mana abin da ke kowanne. Sannan a phpMyAdmin na tsohon wuri ki duba teburin wp_posts, me aka rubuta a gefensa, latin1 ne ko utf8.

Sadiya

A tsoho babu layin DB_CHARSET sam. A sabo an rubuta utf8mb4. Teburin kuma latin1_swedish_ci na gani.

Malam Habu

To ga shi nan. An gina rumbun da alamar latin1 alhali abin da ake zubawa ciki UTF-8 ne. Shekaru ba a gane ba domin yadda ake shigarwa haka ake fitarwa. Da aka zo kwashewa sai manhajar ta gaskata alamar, ta juya rubutun da tuni yake daidai. Ki tura wa sabon kamfani wannan bayani: su sake fitar da rumbun daga tsohon wuri da mysqldump, su sa --default-character-set=latin1 don ya fito yadda yake ba juyi, su canza latin1 zuwa utf8mb4 a layukan da ke bayyana tebura cikin fayil ɗin, sannan su shigar. Duk ma'aikacin da ya san aikinsa zai gane. WordPress ya koma utf8mb4 tun fitowar 4.2 a 2015, shi ne ma ke ɗaukar alamomin emoji, don haka gara ki fita daga wannan tsohon tsari gaba ɗaya.

Ku lura da abu ɗaya: wannan gyara ya yiwu cikin sauƙi ne domin tsohuwar saba tana nan da ranta.

Abba

Malam, wannan kam fulogin ba zai hango shi ba, na karɓa. Amma ina nan a kan cewa ga ƙaramin shafi marar imel marar ciniki, duk wannan dogon zance ya yi yawa. Kada mu tsorata masu karatu. Wanda ke da ɗan shafin rubutu kawai ya yi amfani da fulogin, ya gwada da fayil ɗin hosts, ya juya.

Zulai

A wannan ina tare da Abba. Kowa da girman kayansa. Sai dai ina son a taɓo maganar PHP, yaren da WordPress ke aiki da shi, domin ita ce ta biyu a abin da gwaji ke tonawa. PHP 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, amma tsofaffin asusu da yawa suna kansa har yanzu. Sabon wuri mai yiwuwa 8 ne da wani abu. PHP 8 ya cire wasu tsofaffin umarni irin su create_function da each, don haka tsohon jigo ko fulogin da aka daina sabuntawa yana iya ba ki farin shafi fes babu ko kalma. Sadiya, tunda ya buɗe miki, alama ce mai kyau, amma ki leƙa fayil ɗin error_log bayan kin zaga. In wani fulogin yana kuka, ki sabunta shi ko ki nemi madadinsa. Mayar da PHP baya ya zama na ɗan lokaci kawai.

Sadiya

Sun gyara, haruffa sun dawo daidai, Malam Habu Allah ya ƙara ilimi. Saura abu biyu. Burauza tana gargaɗina cewa shafin ba shi da tsaro a sabon wuri. Sannan tun ranar da aka kwashe, mutane sun ci gaba da saye a tsohon wuri, waɗannan oda ba sa cikin sabon.

Injiniya Bashir

Na farko ba abin damuwa ba ne. Satifiket ɗin tsaro na Let's Encrypt, wanda yawancin kamfanoni ke bayarwa, ana samunsa ne bayan an tabbatar domen yana nuna wannan saba, kuma yanzu bai nuna ba. Hanya biyu ce. Ko su kwafo satifiket ɗin tsohon wuri da mabuɗinsa su ɗora, zai yi aiki har wa'adinsa na kwana 90 ya cika, ko a nemi sabo ta hanyar tabbatarwa da layin TXT a DNS, wadda ba ta buƙatar an juya. Ki nemi ɗaya daga ciki kafin ranar. Kada a bar shi sai an juya, domin mai saye da ya ga jan gargaɗi a shafin biyan kuɗi ba lallai ya dawo ba.

Na biyu shi ne ainihin haɗarin shafi mai ciniki. Kwafin da ke sabon wuri na gwaji ne, ya tsufa. Ranar tashi ga yadda zan yi in ni ne. Ki zaɓi lokacin da masu ziyara suka fi ƙaranci, rajistar masu ziyarar shafinki za ta nuna miki. Ki rufe ciniki a tsohon wuri da sanarwar gyara. Sai a fitar da rumbun bayanai karo na ƙarshe, da irin gyaran haruffan nan, a kwaso sabbin fayilolin uploads, a shigar. Ki gwada. Ki juya layin A. Sanarwar gyara kuma ki bar ta a tsohon wuri, kada ki cire, don wanda DNS ɗinsa bai sabunta ba ya ga a rufe maimakon ya biya kuɗi a rumbun da ba za a sake dubawa ba.

Nura

Injiniya, ai ka dawo maganata ke nan. Ka ce ba a rufewa, yanzu ka ce a rufe.

Injiniya Bashir

Rufewar mintuna da kai ka zaɓi lokacinta, Nura, kuma ciniki kaɗai ta shafa. Da TTL na 300, yawancin mutane sun koma sabon wuri kafin ka gama duba shafukan. Wannan daban yake da kwana biyu a duhu. Akwai ƙalilan da na'urarsu ko kamfanin intanet ɗinsu ke riƙe tsohuwar amsa fiye da wa'adi, domin su ne ake barin tsohuwar saba a kunne.

Malam Habu

In ƙara kan imel, tunda shi ma ranar zai juya. Ki duba inda layin MX, mai faɗin sabar da ke karɓar imel, yake nunawa. A asusun cPanel da yawa yana nuna sunan domen ɗin kansa, wato da zarar kin canza layin A, imel ma ya bi. Don haka akwatunan su zama a shirye. Bayan an juya ki sake kwaso saƙonnin da suka faɗa tsohon akwati a tsakani.

Sai layin SPF, wanda ke faɗin sabar da aka yarda ta aika saƙo da sunanki. Lambar tsohuwar saba ce a ciki. Ki gyara wanda yake nan, kada ki ƙara na biyu, domin layin SPF biyu a domen ɗaya kuskure ne da ke ɓata duka. DKIM kuma, wato sa hannun da ke tabbatar da saƙo daga gare ki yake, sabuwar saba za ta ba ki nata mabuɗin, ki saka a DNS. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan, saƙon da ba a tantance ba yana iya faɗawa cikin tarkace ko a mayar da shi. Rasit ɗin da WooCommerce ke tura wa mai saye, mai ɗauke da hanyar sauke littafi, ta nan yake bi. Ki sayi littafi ɗaya da adireshin Gmail ki ga ko ya iso.

Sadiya

An juya jiya da daddare. Oda sun fara shigowa sabon wuri, rasit yana isa, makullin tsaro ya fito. Yanzu sai in rubuta wa tsohon kamfani su rufe asusun? Kuma sabon kamfani suna ba ni shawarar in dawo da domen ɗin ma wurinsu, komai ya zama wuri ɗaya.

Zulai

Barka Sadiya. Kada ki rufe, ki bar shi har kuɗin ya ƙare da kansa, ki dai kashe sabuntawa ta atomatik. Ki riƙa leƙa rajistar masu ziyara a tsohuwar saba. In kin ga ba mai zuwa sai 'yan manhajojin da ke yawo, to an gama da ita. Kafin ranar ƙarshe ki sauke cikakken kwafi ɗaya, ki duba jerin ayyukan cron ko akwai wanda ba a kwafa ba, ki canza duk kalmar sirrin da kika ba ma'aikatan da suka yi kwashewar. TTL ma ki mayar da shi 3600 ko sama in komai ya zauna.

Domen kuma ni ban ga laifin haɗawa ba. Asusu ɗaya, ranar biya ɗaya, ba a mantawa.

Injiniya Bashir

Ni kuma ban goyi baya ba, Zulai. Abin da ya sa tashin nan ya zo mata da sauƙi shi ne domen da DNS ba sa hannun kamfanin da take bari. In wata rana ta sami saɓani da wannan sabon, layi ɗaya za ta canza. Mantuwar biya kuma ana maganinta da kunna sabuntawa ta atomatik ko biyan shekaru da yawa a gaba.

Ko ma tana so, mai yiwuwa ba yanzu ba. A ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, da aka daɗe ana aiki da ita ga domen irin .com, kamfanin rajista na iya hana fitar da domen cikin kwana 60 bayan sabuwar rajista ko bayan an mayar da shi daga wani kamfani, kuma canza sunan mai shi ko imel ɗinsa ma yakan jawo kulle na kwana 60. Tunda kwanan nan aka mayar da shi sunanta, ta duba asusun ta gani. Domen na ƙasashe kuma kowanne da tasa dokar. In lokacin ya yi ta ga tana so, za ta buɗe kullen, ta karɓi lambar izini ta EPP, ta ba sabon kamfani, yakan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Amma ta tabbata DNS ɗinta ba zai mutu ba in domen ya bar kamfanin rajistar, tunda a can yake zaune yanzu.

Sadiya

Na duba, an rubuta a kulle yake, don haka wannan sai nan gaba, zan kuma yi tunani a kan maganganunku biyu. A jerin cron na tsohon wuri na ga layi ɗaya mai kiran wp-cron.php duk minti 15, babu shi a sabon. A wp-config.php kuma akwai DISABLE_WP_CRON an sa true. Malam Habu, in kwafa shi yadda yake, ko akwai abin da zan canza a ciki?

Malam Habu

Ki kwafa, yana da muhimmanci, in babu shi rubutun da kika tsara ya fita da kansa ba zai fita ba, ayyukan WooCommerce na bayan fage ma za su taru. In layin yana kiran adireshin shafin ne, ki bar shi yadda yake. In kuma hanyar folda ce mai farawa da /home, sunan asusunki na tsohon wuri ne ke biye da ita, sai ki sa na sabon, ki kuma tambaye su inda PHP ɗinsu yake don farkon layin. Na tsohuwar saba ki goge shi yau, kada ya ci gaba da aika wa mutane saƙo daga tsohon rumbu.